Inda Yaranmu Suke Tuntuɓe a Turanci

Wannan jawabi ne da wani malamin firamare mai ritaya ya yi wa iyaye da dattawa a taronmu na ƙarshen wata. Mun buga shi domin waɗanda ba su sami zuwa ba.

  Na san wasu sun baro gona, wasu sun baro tukunya a kan murhu, saboda haka ba zan tsawaita ba.

Da aka sanar cewa za a yi magana a kan Turancin yara, wata mama ta tare ni a hanya ta ce, "Malam, mu da ba mu jin ko 'come', me za mu je mu yi a wurin?" Mama, na ga kin zo, kuma yawancin maganata ta yau taki ce.

Kowace shekara abu ɗaya muke gani. A sayar da buhun masara, a sayar da akuya, a biya kuɗin WAEC ko NECO. Sakamako ya fito, yarinya ta ci lissafi, ta ci kimiyya, amma Turanci ya kayar da ita. In babu kiredit a Turanci, ba jami'a, ba makarantar koyon aikin jinya. A jarrabawar JAMB ma, cikin darussa 4 da yaro zai rubuta, Turanci dole ne, ko me yake so ya karanta. Sai yarinya ta zauna gida jiran wata shekara, kuma kun san yadda wannan jiran yakan ƙare: ko aure, ko aikatau a birni. Ban da haka, da Turanci ake yin tambayoyin sauran darussa. Na taɓa koyar da yaron da ya san masara tun daga shuka har rumbu, amma ya faɗi tambayar aikin gona don bai san "harvest" shi ne girbi ba.

Gwamnati ta sha canja magana a kan harshen koyarwa. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yara da harshen gida ko harshen yankinsu a ajujuwan farko na firamare. A 2022 aka ce a yi haka har shekara 6. A watan Nuwamba na 2025 kuma ministan ilimi ya sanar cewa an soke wannan, an koma Turanci. Ni dai ina tare da abin da aka gwada aka gani. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na jami'ar Ife suka fara koyar da wasu yara da Yarbanci tsawon firamare, Turanci kuwa ana ba su shi a matsayin darasi. Yaran nan ba su zama baya a Turanci ba, a wasu darussa ma sun fi takwarorinsu. Saboda haka kada kowa ya daina yi wa ɗansa yare ko Hausa a gida wai don ya iya Turanci. Na ga gidajen da aka yi haka, ana yi wa yaro guntun broka, ya tashi ba tsuntsu ba tarko.

Yawancin yaranmu suna da yaren gida, suna da Hausar kasuwa da ta majami'a, Turanci shi ne na uku. Yaron da ya riƙe harshe biyu tun bai kai shekara 6 ba, ba daƙiƙi ba ne. Ya riga ya san nahawu, wato ƙa'idar haɗa magana, ko da bai san sunanta ba. Ba za ka ji ya ce "jiya zan tafi" ba. Abin da na lura da shi a shekarun da na yi a aji shi ne, kurakuransu ba barkatai suke ba. A wurare kaɗan suke tuntuɓe, inda hanyar Hausa ta rabu da ta Turanci, kuma wuraren ba sa canjawa.

Mafi girma shi ne aikatau, wato kalmar aiki. A Hausa muna cewa na dafa, zan dafa, nakan dafa. "Dafa" tana nan yadda take, ƙaramar kalmar da ke gabanta ce take nuna lokaci. Bature kuwa kalmar aikin kanta yake taɓawa. Yau "cook", jiya "cooked". Yau "plant", jiya "planted". Shi ya sa yaro yake rubuta "Yesterday I go to market". A tunaninsa ya riga ya ce jiya, me kuma ake nema? Tunanin ba laifi, amma mai duba jarrabawa zai ja masa jan biro. "Went" ake so.

A nan ne wahalar take. Da dukan kalmomin "ed" suke ɗauka, da mun huta. Amma waɗanda aka fi amfani da su kullum su ne masu taurin kai. "Go" ya zama "went", "eat" ya zama "ate", "buy" ya zama "bought", "see" ya zama "saw", "come" ya zama "came", "take" ya zama "took", "bring" ya zama "brought". Babu dabara a nan sai hadda, kamar yadda ake haddace biyu sau biyu huɗu. Yaron da ya riƙe irin waɗannan guda 50 kafin ya gama aji 6 ya rage wa kansa babban kaya a sakandare. Ni nakan sa su rera su da tafi, yau kaza jiya kaza, kuma har yanzu akwai magidanta a cikin taron nan da za su iya rera mana in an matsa musu.

Sai ƙaramin harafin nan "s", wanda ya cinye maki fiye da kowane harafi. In ya manne wa suna, yana nufin abu da yawa: "boy", "boys". In ya manne wa aikatau, yana nufin mutum ɗaya ne yake yi: "The boy eats", amma "The boys eat". Nakan ce wa yara su ɗauke shi kamar gidan da ke da fartanya ɗaya. In suna ya fita da ita, aikatau ba zai samu ba. In suna bai ɗauka ba, ta aikatau ce. Wannan bai rufe kowace jimla ba, domin "I eat" da "you eat" ba sa ɗaukar komai, amma yana tsayar da yaro a kan hanya.

Jam'i kuwa, ku gaya wa yaranku namu ya fi wuya nesa ba kusa ba. Gida, gidaje. Littafi, littattafai. Akuya, awaki. Mace, mata. Wanda ya iya waɗannan bai kamata "s" ya ba shi tsoro ba. Kaɗan ne suka bauɗe, irin su "man" da "men", "child" da "children", "foot" da "feet", sai "sheep" da ba ya canjawa ko tumaki ɗari ne. Tarkon yana wurin ƙidaya. Mu muna cewa kwana uku, shekara goma, buhu biyar, ba ma damuwa da jam'i tunda lamba ta riga ta faɗa. Turanci bai yarda ba, sai "three days", "ten years", "five bags". Akwai kuma abubuwan da Bature ba ya ƙirgawa, kamar "rice", "furniture", "advice" da "information". Za ku ji manyan ma'aikata suna cewa "furnitures", amma a takardar jarrabawa kuskure ne.

Maganar "he" da "she" ta shafe mu musamman. Yarukanmu da yawa kalma ɗaya suke da ita ga namiji da mace, kuma a Hausarmu ta nan ba abin mamaki ba ne ka ji an ce "mama ya tafi kasuwa". Sai yaro ya kai wannan cikin Turanci, ya kira uwarsa "he". Wanda kuma Hausarsa ta nuna, nasa kuskuren daban ne: tunda mota "ta" lalace, sai ya ce "she". Abin da ba mutum ba "it" ne. Amma ga sauƙi guda: kai, ke da ku, duka "you" ne.

Yanzu kalmomi. Muna da wasu kalmomi masu ɗaukar kaya kamar jakin kasuwa. Ku dubi "ji". Muna jin magana, muna jin yunwa, muna jin wari, muna jin zafi, muna jin Hausa. Turanci ya raba wannan kaya ga kalmomi dabam dabam: "hear", "feel", "smell", "understand". Yaro ya koyi cewa ji shi ne "hear", sai ya rubuta "I am hearing hunger", alhali "I am hungry" ake cewa. Haka "sha": ruwa "drink" ne, amma ƙwayar magani "take" ake yi. Haka "ci": tuwo "eat", jarrabawa "pass", wasan ƙwallo "win". Aro ma biyu ne a wurinsu. Mai karɓa "borrow" yake yi, mai bayarwa "lend". "Borrow me your pen" da ake ji a kowane aji, "lend me" ya kamata ya zama.

Ta wajen furuci ba zan daɗe ba. Rubutun Hausa ba ya amfani da p, q, v da x, shi ya sa "pan" da "fan", ko "pull" da "full", suke zama abu ɗaya a kunnen yaro, kuma abin da kunne bai raba ba, hannu ba zai raba a rubutu ba. Ku sa ya dubi bakinsa a madubi. A "p" leɓɓa biyu suke haɗuwa su fashe. A "f" haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa. Harafin "c" kuma da muke karantawa a "ci" da "ciki", a Turanci yakan zama k a "cat", ya zama s a "city".

Kada ku ce ba ku da Turanci ko kaɗan. Tebur "table" ne, bokiti "bucket", fensir "pencil", burodi "bread", asibiti "hospital", likita "doctor", direba "driver", soja "soldier", tasha "station". Kakanninmu ne suka karɓe su suka gyara su daidai bakinsu, suka cusa wasali inda baƙaƙe suka cunkushe. Yaro yakan yi murna in ya gane cewa ya daɗe yana faɗin waɗannan, aikinsa kawai ya koyi yadda masu su suke rubuta su.

To mama, ga naki aikin. In yaro ya dawo daga makaranta, ki ce ya karanta miki layi biyu ko uku daga littafinsa, sa'an nan ya faɗa miki ma'anarsu da yare ko da Hausa. Ba sai kin ji Turanci ba kafin ki gane ko ya fahimta. In ya yi bayani mai ma'ana, ya gane. In ya tsaya yana sosa ƙeya, hadda kawai ya yi, kuma gara ki sani yanzu da ki sani ranar da sakamako ya fito. Ki miƙa masa kwalin magani ya karanta. "Twice daily" sau biyu a rana ne, "before meals" kafin cin abinci, "EXP" kuma ranar da maganin zai daina amfani. Baba, ka ba shi robar maganin feshi da buhun taki ya duba maka awo da gargaɗin da ke jiki. Wannan karatu ne da zai iya ceton rai a gidanku tun kafin a je ga jarrabawa. Ga na sakandare kuwa, ku tambaye su bambancin "list", "explain" da "compare", wato jera, bayyana da kwatanta. Yara da yawa sun san amsa, amma sai su jera inda aka ce su bayyana.

Ina da laifi guda da zan amsa a gabanku. Lokacin da nake sabon malami, nakan ci tarar duk yaron da ya yi yare a aji, wani lokaci har da bulala. Na ɗauka Turanci nake koya musu. Abin da na samu shi ne aji mai shiru kamar maƙabarta, ba mai ɗaga hannu. Sai da na daina, na bar su su fara faɗin abu da harshen da suka iya sa'an nan mu juya shi tare, bakinsu ya buɗe. Saboda haka ku hana yayyensu yi musu dariya in sun yi kuskure. Yaron da aka yi wa dariya sau biyu ba ya sake gwadawa.

Muna bukatar ƙamus a ƙauyen nan. Akwai na Turanci zuwa Hausa da Neil Skinner ya rubuta, akwai kuma na Roxana Ma Newman da ya fito a 1990. Gida ɗaya zai ji nauyin saye, amma in gida goma suka haɗa hannu, ba zai kai kuɗin kaza a kan kowa ba. Na kuma yi magana da wasu 'yan sakandarenmu, sun yarda su riƙa zama da ƙanana yamma biyu a mako bayan an gama girbi. Allo da alli ina da su. Abin da ya rage shi ne fitilar sola guda biyu da benci, kuma duk mai tsohon littafin Turanci da ke kwance a akwati ya kawo, ko bangonsa ya yage.

Yau da dare, bayan tuwo, kowa ya tambayi ɗansa yadda "go", "eat" da "buy" suke zama in jiya aka yi su. Na rubuta amsar a ƙananan takardu, suna wurin magatakarda a bakin ƙofa, kowane gida ya ɗauki ɗaya.