Mai Ciwon Zuciya Da Aikin Tiyata: Amsar Wasiƙa

Wani manomi ya rubuto mana cewa mahaifinsa yana da ƙaba, likita ya ce sai an yi aiki, amma tsohon yana fama da ciwon ƙirji, an ce jijiyoyin zuciyarsa sun tsuke. Ya tambaya, shin a yarda?

To malam, ana yi wa irinsu aiki su tashi lafiya, amma sai da shiri. Ita zuciya tana da nata jijiyoyin da ke kai mata jini. Idan kitse ya taru a cikinsu, hanya ta ƙuntata, kamar magudanar fadama da yashi ya cike. Lokacin aiki, zubar jini da zafin ciwo da sanyin ɗaki suna sa zuciya saurin bugawa. Tana neman ƙarin jini, hanya kuwa ba ta isa. Nan haɗarin yake.

Saboda haka ka gaya wa likita komai: hawan jini, ciwon sukari, shan taba, har jiƙe-jiƙen gargajiya. Ka tafi da dukkan magungunansa a leda. Za a yi masa gwajin zuciya na ECG, a duba ko jininsa ya yi ƙasa. Za a kuma tambaya ko yana iya hawa bene hawa 2 ba tare da haki ko ciwon ƙirji ba. Kada ya ɓoye don nuna jarunta.

Kada ya daina shan magani irin su atenolol da kansa, domin yankewa farat ɗaya tana iya tayar da ciwon. Batun asfirin kuwa, likita ne zai yanke. Idan ciwon zuciya ya buge shi kwanan nan, akan jira aƙalla kwana 60 kafin aikin da ba na gaggawa ba.

Bayan aiki a sa ido, musamman kwana 3 na farko. Maganin kashe zafi yakan ɓoye ciwon ƙirji, don haka in kun ga haki, gumi mai sanyi ko ruɗewa, ku kira nas nan take.

Amma fa idan ƙabar ta kumbura ta yi tauri, ta ƙi komawa, ga amai, wannan babu jira, sai asibiti ko da tsakar dare ne.

Allah Ya ba shi lafiya. Sai mun ji daga gare ku.