In Tantan Ta Ƙi Ɗaga Garma

Jama'a, ruwa ya sauka, shuka na jira, sai tsohuwar tantan ɗinmu ta ƙi ɗaga garma. Me za mu yi?

Kada mu yi garajen kwance ta. Mai ne ke ɗaga garma, famfo ke tura shi. To, mu tsayar da ita inda ba gangare, mu kashe inji, mu duba man. In ya yi ƙasa, mu ƙara. In ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga. Sai mu zubar, mu wanke rariyar famfo, mu zuba sabo.

In kuwa ta ɗaga, amma garma na sauka da kanta, robar cikin silinda ta lalace. Wannan sai makanike. Kafin ya zo, kada kowa ya shiga ƙarƙashin garmar da ke rataye.