Tsatsar Saman Tayar Baya: Jawabin Likita a Taron Ƙungiya

Shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata da 'yan'uwa, na san za ku ce me ya haɗa likita da aikin fanel bita. Ku ɗan yi mini haƙuri.

A Kano ko Maraɗi mota takan tsufa bodinta garau, domin iskarmu busasshiya ce. Nan New York kuwa, da zarar dusar ƙanƙara ta sauka, motocin hukumar tsaftar birni sai su bi tituna suna watsa gishiri. Tayar baya tana feso wannan gishiri haɗe da laka zuwa cikin lanƙwasar ƙarfen da ke samanta. Can yake maƙalewa da danshinsa, yana cin ƙarfen daga ciki. Ranar da ka ga fenti ya yi ƙuraje a wurin, to tsatsa ta daɗe da zama.

Ga inda abin ya shafe ni. Gishirin nan bai tsaya kan bodi ba, yana cin salansa da bututun man birki. Idan salansa ta fashe, bodi kuma ya huje, hayaƙi yana iya shiga kujerar baya, inda yara ke zama. Gubar da ke cikinsa, kabon monoksaid, ba ta da wari ko launi. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci su ne alamunta. 'Yan'uwanmu masu tuƙa Uber da tasi daga Bronx, da ke wuni cikin mota gilashi a rufe, su na fi ji wa tsoro. Wanda kansa ke ciwo a mota, ya fita ya ji sauƙi, ya kai ta wurin makanike a ranar, shi kuma ya ga likita.

Rigakafin ba shi da tsada. Duk lokacin da aka watsa gishiri, a jira ranar da sanyi ya sassauta a kai mota wanki, a ce musu har da ƙarƙashi. A sa ruwa mai ƙarfi a kwakkwashe lakar da ke cikin lanƙwasar. A watan Oktoba ko Nuwamba a fesa mai hana tsatsa irin su Fluid Film. Baƙin fenti mai kauri kuwa, kada a yarda a shafa shi kan tsatsa. Rufe ta kawai yake yi, tana ci gaba a ƙasa.

Wanda zai kankare da hannunsa ya sa safar hannu. Idan allurar tetanus ɗinsa ta wuce shekara 10, ya je a sabunta masa.