TAWAKKALI GA ALLAH A WAJEN SAYEN GIDA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta yau a kan muhalli ce. Allah Maɗaukakin Sarki ya lissafa gida cikin ni'imominsa a aya ta 80 ta Suratun Nahli, inda ya bayyana cewa ya sanya mana gidajenmu wurin natsuwa. Saboda haka neman gida ba son duniya ba ne. Abin tambaya shi ne: ta wace hanya za a same shi, kuma a wane hali zuciya za ta kasance idan al'amari ya cije?

Bari in fara da kaina. Shekara shida ina zaman haya ina adashi. Da kuɗi suka taru, dillali ya nuna mini wani gida, na yi istihara, muka daidaita, na ba da kafin alƙalami. Bayan mako uku sai ga wata baiwar Allah ta zo ta ce gidan na gado ne, ba a raba ba, kuma ita da ƙannenta marayu ba su amince a sayar ba. Wasu suka ce in matsa, tunda ina da takardar ciniki. Na kwana ban yi barci ba. Da asuba na tuna hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Sa'idu bn Zaid, cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa bisa zalunci, za a rataya masa shi daga ƙassai bakwai ranar Alƙiyama. Na janye. Sai da na yi wata biyar kafin kuɗina suka dawo, kuma a lokacin, wato 2023, an cire tallafin man fetur, farashin siminti da na gidaje sun tashi. Daga ƙarshe gidan da na samu bai kai na farko girma ba. Amma ina kwana a cikinsa ba hakkin maraya a wuyana.

Daga wannan na ɗauki darussa uku.

Na farko, istihara ba alkawari ba ce cewa ciniki zai faɗa. Addu'ar da Jabir ya ruwaito a cikin Sahihul Bukhari roƙo ce ta fuska biyu: Allah ya sauƙaƙa abin idan alheri ne, ya kawar da shi idan sharri ne. Wanda cinikinsa ya wargaje bayan istihara kada ya ɗauka ba a amsa masa ba.

Na biyu, tawakkali ba sakaci ba ne. Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah. Ni kuwa ban ɗaure tawa ba, domin ban tambayi mai unguwa da maƙwabta asalin gidan ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. A Nijeriya kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya filaye a hannun gwamnan jiha, kuma sai da amincewarsa ake mayar da takardar shaidar mallaka ga mai saye. Binciken takardu a ma'aikatar filaye ɗaure raƙuma ne.

Na uku, ƙunci ba ya halatta riba. Idan kuɗi suka gaza, Shaiɗan yakan ƙawata bashi mai ruwa, alhali aya ta 278 da ta 279 a Baƙara sun yi shelar yaƙi daga Allah da Manzonsa ga wanda ya ƙi barin riba. Hanyoyin halal suna nan: adashi, rance mai kyau daga 'yan'uwa, sayen fili a riƙa gini sannu a hankali, ko murabaha da ijara, waɗanda bankunan da ba su ta'ammali da ruwa suke yi tun da Jaiz ya fara aiki a 2012. Ko a nan ma a karanta yarjejeniya, a nuna wa malami kafin sa hannu.

Ya 'yan'uwa, ku tuna Muhajirai sun bar gidajensu a Makka a shekarar 622 domin addini. Ku tuna Manzon Allah (SAW) ya ƙi karɓar filin masallacin Madina kyauta daga marayu biyu, Sahlu da Suhailu, sai da aka biya su. Wanda yake haya a yau cikin halal bai yi asara ba.

Allah ya ba mu muhalli mai albarka a duniya, ya gina mana gida a Aljanna kamar yadda Asiya matar Fir'auna ta roƙa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.