Jawabin Buɗe Ɗakin Binciken Na'urorin Gwajin Suga



Ƙididdigar Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya ta 2021 ta nuna manya miliyan 537 ke fama da wannan ciwo. Miliyan 24 daga cikinsu a Afirka suke, kuma fiye da rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Sai ƙafa ta ƙi warkewa ko ido ya dushe a garzayo asibiti. Saboda su aka gina ɗakin nan.

Tun 1962 Leland Clark da Champ Lyons suka nuna a Amurka cewa idan aka haɗa sinadarin enzayim da lantarki, za a iya auna sugan jini. A 1987 aka fara sayar da ExacTech, na'ura mai girman alƙalami. Yawancin tsinkayen gwajin da ake ɗiga wa jini a yau a kan wannan tafarki suke. Sai dai enzayim daga halitta yake, ba ya jure zafi. Masu ƙera tsinkayen kan ce kada a ajiye su inda zafi ya wuce digiri 30. To, ina mai kantin magani a Sakkwato ko Maiduguri zai sami wannan sanyi a watan Afrilu, ga rana ta haura 40, ga babu wuta? Tsinken da ya lalace ba ya yin shiru, lamba yake bayarwa, kuma da lambar nan ake yi wa mutum allurar insulin.

Nan oksayid na ƙarafa ke shigowa, wato abin da ƙarfe ke zama idan ya haɗu da iskar oksijin. Ana sarrafa shi ya zama 'yan sanduna da ƙwayoyi da ake aunawa da nanomita. Kaurin gashin kai ɗaya ya kai nanomita dubu 80. Ƙanƙantar tasu ce ke ba su faɗin fuskar da suga zai taɓa. Oksayid na tutiya yana riƙe enzayim gam, domin cajin lantarkinsu ya saɓa. Na jan ƙarfe da na nikel kuwa ba sa ma buƙatar enzayim, su da kansu suke sarrafa sugan su fitar da lantarkin da za a auna. Ga araha, ga jure zafi.

Ɗalibai, ku saurara da kyau. Oksayid na jan ƙarfe da na nikel sun fi aiki a ruwan soda mai ƙarfi, alhali ma'aunin pH na jini 7.4 ne. Cikin jinin kuma akwai bitamin C da yurik asid, har da farasitamol ɗin da majinyaci ya sha da safe, duk suna iya rikita sakamako. Maƙalolin da suka tsaya a ruwan soda sun yi yawa a duniya. Abin da nake roƙonku shi ne ku kai aikinku ga jinin mutum, tare da likitocin asibitin koyarwa da izinin kwamitin ɗa'a, sannan ku gwada shi a zafin bazara.

 Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Da sunan Allah, na buɗe wannan ɗakin bincike.