JAWABI GA 'YAN KASUWAR OIL MILL A KAN NEMAN MAGANI TA WAYA



A shekarar 2020 annobar korona ta sa Gwamna Wike ya rufe kasuwannin Jihar Ribas, har da wannan tamu ta ranar Laraba, aka kuma hana tafiya tsakanin jihohi. Sai wayar hannu ta zama asibitinmu: likita yana Zariya, majinyaci yana Fatakwal, suna ganawa.

Amma fa waya hanjin jimina ce, akwai na ci, akwai na zubarwa. A 2014 jita-jitar shan ruwan gishiri don tsare kai daga Ebola ta halaka mutane. Saboda haka duk maganin da aka turo muku, ku tambayi likita tukuna, ko ku kira hukumar NCDC a 6232, kyauta ne.

Ku isar wa 'yan'uwanmu na Anaca da Inugu. Wassalamu.