Amsa ga Mai Sauraro Daga Goronyo

Alhaji mai fataucin albasa, ka tambaya ko da gaske ana kama baƙo mai neman halalinsa a ce ɗan leƙen asiri ne. Ƙwarai kuwa. A watan Yunin 2024 Benin ta tsare 'yan Nijar biyar a tashar man Seme, wai biyu daga cikinsu 'yan aiken sojojin Yamai ne. Nijar ta ce ma'aikatan kamfanin WAPCO ne, ta daina turo mai. A ganina rigimar rufe iyaka ce ta rutsa da su. Kotu ta yi wa uku ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka na wata 18, kan katin shaida na jabu. Kai ma in za ka tsallaka Konni, riƙe takardunka, kada ka ɗauki hoton bariki da waya.